Yadda Iyaye Za Su Kammala Rigakafin Yaro a Kan Lokaci, da Abin Yi Idan An Makara

A yawancin gidajenmu, idan aka tambayi uwa ko an yi wa ɗanta rigakafi, za ta ce an yi masa, kuma ba ƙarya take yi ba. Masu zagayawa gida-gida sun ɗiga masa maganin shan inna a baki, sun shafa masa tawada a ɗan yatsa, wataƙila ma an taɓa kai shi asibiti sau ɗaya ko sau biyu. Sai dai rigakafin yau da kullum, wanda ake yi a cibiyar lafiya ana rubutawa a kati, abu ne daban da wannan ɗigon, domin shi ne yake kare yaro daga tarin fuka, ciwon hanta, mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus, ciwon huhu, gudawa, ƙyanda, shawara da sanƙarau, kuma kowace allura tana da lokacinta. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 ne kawai na yara masu wata 12 zuwa 23 suka samu dukkan muhimman alluran, kashi 19 kuma ba su samu ko ɗaya ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya ce yara kimanin miliyan 2.1 a Najeriya ba su samu ko allurar Penta ta farko ba, wato allurar da ake fara yi wa jariri a mako shida don kariya daga cututtuka biyar, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a shekarar. Ɓarkewar mashaƙo da ta fara a ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, ta fi kama yaran da ba a yi musu allura ba ko kuma ba a kammala musu ba, alhali rigakafinta yana cikin allurar da ake yi kyauta tun yaro yana mako shida.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, jinkiri ma illa ce mai zaman kanta. Yaron da aka yi wa allurar mako shida yana da wata biyar za a lissafa shi cikin waɗanda aka yi wa, amma watannin da ya yi babu kariya su ne daidai watannin da tarin shiƙa da ciwon huhu suka fi kashe jarirai. Matakan da ke ƙasa sun bi jadawalin Najeriya ne. Na Nijar ya yi kama da shi ƙwarai, kuma inda aka samu ɗan bambanci, abin da ke rubuce a katin yaro shi za a bi.

Mataki na farko: tun kafin haihuwa

Rigakafin yaro yana farawa ne daga awon ciki. A wajen awo ake yi wa mai ciki allurar tetanus, aƙalla sau biyu da tazarar mako huɗu a tsakani, ta biyun kuma a yi ta aƙalla mako biyu kafin haihuwa, domin kariyar da jikin uwa ya samu ta ratsa zuwa ga jariri ta kare shi daga tetanus ɗin da ke shiga ta cibiya. Wannan ya fi muhimmanci ga wadda za ta haihu a gida, inda ba kullum ake samun tsaftataccen abin yanke cibiya ba. A wannan lokacin ne kuma ya kamata iyaye su yi wa ma'aikatan cibiyar tambayoyi uku: wace rana ce a mako ake allurar yara, wace rana ce ake buɗe BCG, wato allurar tarin fuka, kuma ina za a kai jariri idan haihuwa ta zo cikin dare ko a ƙarshen mako.

Idan haihuwar fari ce kuma za a tafi goyon ciki gidan iyaye, sai a yi waɗannan tambayoyin a cibiyar da ke kusa da can, domin a can za a yi alluran farko, mai yiwuwa har da ta mako shida.

Mataki na biyu: ranar haihuwa, ba bayan suna ba

Abu uku ake ba jariri da zarar ya zo duniya: allurar BCG ta tarin fuka a dantse, ɗigon shan inna na farko a baki, da allurar ciwon hanta nau'in B a cinya. Ta ciwon hantar ce ta fi gaggawa, domin an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Dalili kuwa shi ne, uwa na iya ɗauke da ƙwayar cutar shekara da shekaru ba tare da ta sani ba, ta kuma shafa wa jariri wajen haihuwa, kuma kusan tara cikin goma na jariran da suka kamu a wannan lokacin cutar takan zauna musu har girma, wasunsu ta kai su ga lalacewar hanta ko sankararta. Allurar da aka yi a ranar farko tana tare wannan hanya sosai, amma amfaninta ta wannan fuskar yana raguwa da kowace rana da ta wuce.

A nan ne al'adarmu take cin karo da jadawali. Mai jego ba ta fita, jariri ma ba a cika son fitar da shi kafin suna ba, hankalin gida duka ya koma kan ruwan wanka, kunun kanwa da ragon suna. Ba sai an karya al'ada ba kafin a warware wannan: mai jego ta zauna a ɗakinta, kaka ko gwaggo ko ungozoma ta rungumi jaririn a lulluɓe, mai gida ya raka su, cikin awa biyu sun dawo. Idan ranar farko ta kuɓuce, a kai shi a ta biyu ko ta uku, kada a ce tunda an rasa awa 24 sai bayan suna. A jadawalin Najeriya ana bayar da ɗigon farko da allurar hanta har zuwa mako biyu da haihuwa. Wadda ta haihu a asibiti kuma kada ta ɗauka an yi komai don kawai a asibiti ta haihu. Kafin a sallame ta, a karɓi kati a duba ko an rubuta kwanan wata a gaban dukkan ukun.

Sau da yawa za a ce babu BCG yau, a dawo rana kaza. Ba wulaƙanci ba ne. Kwalbar BCG ta yara 20 ce, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta dole a zubar da abin da ya rage bayan awa shida, shi ya sa ƙananan cibiyoyi suke tara jarirai a rana ɗaya. Abin yi shi ne a karɓi ta hanta da ɗigon a ranar, a koma don BCG a ranar da aka faɗa. Bayan mako biyu zuwa uku wani ɗan ƙurji zai fito a wurin allurar, ya yi ruwa kaɗan, ya bushe ya bar tabo. Haka ake so ya yi, don haka kada a matse shi, kada kuma a shafa masa wani magani.

Mataki na uku: mako 6, mako 10 da mako 14

Waɗannan zuwa uku su ne ƙashin bayan jadawalin, kuma a tsakaninsu ne ake yawan zubar da yara a hanya. A kowane zuwa ana yi wa yaro Penta, allura ɗaya mai kariya daga cututtuka biyar, wato mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwayar cuta mai jawo sanƙarau da ciwon huhu ga ƙananan yara. Ana haɗa masa da PCV ta ciwon huhu, da ɗigon shan inna, da ɗigon Rota na gudawa mai tsanani, wanda Najeriya ta shigar cikin jadawalinta a 2022. A mako 6 da mako 14 akwai kuma allurar shan inna ta cinya, wadda take ƙarfafa aikin ɗigon.

Lissafin ranakun ba shi da wuya idan aka bi shi da mako maimakon wata. Yaron da aka haifa ranar Talata, Talata ta shida bayan wadda aka haife shi ce makonsa na shida, wato kwana 42, kwana biyu kacal bayan arba'in. Saboda haka fitar farko ta mai jego, kafin yawon arba'in gidajen 'yan'uwa, ya kamata ta zama zuwa asibiti a ranar allura mafi kusa. Daga nan sai a ƙirga mako huɗu a koma, a sake ƙirga mako huɗu a koma. Mai gida ya sa ranakun a wayarsa ko ya rubuta su a jikin kalanda, ya kuma ware kuɗin mota tun da wuri, domin abin da ya fi hana zuwa ba ƙin allura ba ne, rashin kuɗin abin hawa ne a safiyar ranar, ko kuma ya fita kasuwa ko gona bai bar izinin fita ba. Izini ɗaya da zai bayar tun farko, cewa duk ranar allura a tafi ko yana nan ko ba ya nan, yana kawar da rabin matsalar.

Wasu iyaye sukan ce allura uku a rana ɗaya ta yi wa jariri yawa, su nemi a raba. Tausayi ne, amma rabawar tana ƙara yawan zuwa, tana ƙara kuɗin mota, tana kuma ƙara yiwuwar a manta da wata. Jikin jariri yana haɗuwa da ƙwayoyin cuta iri-iri a kullum, kuma yana iya karɓar waɗannan alluran tare ba tare da wata ta rage aikin wata ba. Game da maimaitawa har sau uku kuwa, ta farko tana gabatar wa jiki cutar ne, ta biyu da ta uku su ne suke kafa kariyar, don haka yaron da ya tsaya a Penta ta farko bai tsira ba tukuna.

Mataki na huɗu: a cikin cibiyar

A tafi da sassafe da kati a hannu. Kafin a yi allurar, uwa ta faɗa wa ma'aikaciya idan yaron ya taɓa samun wata matsala mai tsanani bayan allurar baya, ko yana da wata cuta da ake yi masa magani. Mura, tari mara tsanani, ɗan zazzaɓi, gudawa kaɗan, fitar haƙori ko rama, babu ɗaya daga cikinsu da ke hana allura. Yaro mai tamowa ma shi ya fi kowa buƙatarta, domin shi ƙyanda ta fi kayarwa. Wanda yake cikin ciwo mai tsanani ne kawai ake jira ya samu sauƙi, kuma ma'aikacin lafiya ne zai yanke wannan hukunci bayan ya ga yaron, ba a yanke shi a gida ba.

Shayar da yaro nono lokacin allurar ko nan take bayanta yana rage masa zafi da kuka. Bayan an gama, a zauna kamar minti 15 kafin a tafi, domin idan jiki zai nuna ƙin allurar da gaggawa, abin da ba a cika gani ba, a wannan lokacin yake nunawa, kuma ma'aikata suna da maganinsa a kusa. Kafin a fita a tabbata an rubuta abin da aka yi da kwanan wata, an kuma rubuta ranar dawowa. Wadda ba ta iya karanta boko ba ta nemi a faɗa mata ranar da baki, ta maimaita har ta zauna mata. Alluran jadawalin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma idan wani ya nemi kuɗi a kansu, a sanar da shugaban cibiyar ko kwamitin raya mazaɓa ko jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma.

Idan aka tarar wata allura ta ƙare, ko ma'aikaci bai zo ba, abin yana da ciwo, musamman ga wadda ta yi tafiya mai nisa da goyo a baya, kuma uwaye da yawa daga irin wannan rana ce suke daina zuwa. Ma'aikatan lafiya su sani cewa tsawa ɗaya ga uwar da ta makara tana iya raba yaro da sauran alluransa gaba ɗaya. Ita kuma uwa ta karɓi waɗanda suke akwai a ranar, ta nemi lambar wayar wani ma'aikaci don ta tambaya kafin ta sake tasowa, ta kuma tambaya ko akwai ranar da ma'aikata suke fita ƙauyensu ko unguwarsu. Katin yana aiki a kowace cibiyar gwamnati, ba sai wadda aka fara ba.

Mataki na biyar: daren allura

Zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, rigima, da ɗan kumburi a cinya abubuwa ne da aka saba gani, musamman bayan Penta, kuma su ne suke sa wasu magidanta su ce ba za a sake kai musu yaro ba, an kai shi lafiya an dawo da shi ba lafiya. Gara a san da zuwansu tun kafin su zo. A yawaita ba shi nono, a rage masa tufafi, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwa mai ɗan sanyi a kan kumburin, a ba shi farasitamol na yara gwargwadon yadda ma'aikaci ya auna. Kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a murza, kada a shafa man zafi, kada kuma a kai wa wanzami ya tsaga. Alamomin da ke buƙatar komawa asibiti nan take su ne jijjiga, wahalar numfashi, kumburin fuska, zazzaɓi mai zafi ƙwarai ko wanda ya wuce kwana biyu, ƙin kama nono, kuka mai ƙarfi da ya kai awa uku bai tsaya ba, ko kumburin da yake ƙaruwa yana tara ruwa.

Mataki na shida: wata 9 da wata 15

Bayan mako 14 sai a shiga dogon zama na kusan wata shida babu allura, kuma a nan ne kati yake ɓata a ƙasan akwati. Akwai zuwa ɗaya a wata 6 don ɗigon bitamin A, da wani a wata 12, kuma suna taimakawa wajen riƙe alaƙa da cibiyar da auna nauyin yaro. A wata 9 ake yin allurar ƙyanda ta farko, da ta shawara, da ta sanƙarau. Hanya mai sauƙi ta tunawa ita ce a ƙirga watannin tun ranar suna, a ɗaura su da wani lokaci sananne, kamar a ce watan da ke bin Babbar Sallah ko farkon girbi.

Ƙyanda ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙwayarta tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa kariya da suka kusanci mai ita, kusan tara sukan kamu. A yankinmu tana tashi ne da rani, daga hunturu zuwa bazara, kuma bayan ƙurajen tana iya barin ciwon huhu, gudawa, rama, kurumta ko makanta. An zaɓi wata 9 ne saboda kafin nan kariyar da yaro ya gada daga uwa tana iya rage aikin allurar, bayan nan kuma wannan kariyar ta ƙare, yaro ya zama a fili. Allurar wata 9 tana kama jikin kimanin yara 85 cikin 100, shi ya sa aka ƙara ta biyu a wata 15 domin ta kama sauran. Iyaye da yawa har yanzu suna ɗauka an gama a wata tara, domin haka aka saba a da, amma yanzu sai an yi ta wata 15 ake cewa yaro ya kammala. A jihohin da aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro, wadda aka soma a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, akwai ƙarin zuwa a wata 5, 6 da 7, ta huɗun kuma tana haɗuwa da ta ƙyanda a wata 15. Ba ta maye gurbin gidan sauro ba.

Mataki na bakwai: idan an riga an makara

Ƙa'idar guda ɗaya ce: ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Yaron da ya samu Penta ta farko sannan aka yi wata biyar ba a koma ba, ta biyu za a yi masa, bayan mako huɗu a yi ta uku. Tazarar mako huɗu ita ce mafi ƙaranci tsakanin allura da 'yar'uwarta, ba a rage ta don gaggawa, amma tsawaitarta ba ya ɓata wadda aka yi a baya. Yaron da ya kai wata goma ko shekara ɗaya ba a taɓa yi masa komai ba, a rana ɗaya za a iya yi masa Penta, PCV, shan inna, ƙyanda da shawara, sannan a tsara masa sauran. Wasu alluran suna da iyakar shekaru, kamar BCG da Rota, ma'aikaci ne zai tantance, amma yawancinsu ana iya cike giɓinsu, kuma tun daga 2023 hukumomin lafiya suka faɗaɗa neman yaran da aka tsallake har zuwa 'yan ƙasa da shekara biyar. Kunyar makara kada ta hana uwa zuwa.

Idan kati ya ɓata, a koma cibiyar da aka fara, domin suna da rajista da sunan yaro, za su iya cike sabon kati daga cikinta. Ɗaukar hoton katin da waya bayan kowane zuwa yana maganin wannan, haka ma ajiye shi cikin leda saboda ruwa da gara. Masu ƙaura saboda rashin tsaro, makiyaya, da 'yan ci-rani su sa katin cikin kayan da ba a bari a baya, su nuna shi a cibiyar farko da suka samu, ko da a tsallaken iyaka ne, domin ma'aikatan Maraɗi ko Damagaram suna gane alluran da aka rubuta a Katsina ko Daura.

Saura gidan da mai gida ko kaka suka ƙi. Shakkar tana da tarihi, kuma ba daidai ba ne a raina ta: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo a zukatan mutane, duk da cewa magani ne aka gwada ba rigakafi ba. Amma an ga abin da ya biyo bayan dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003, lokacin da cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 kafin a dawo da shi a 2004, an kuma ga yadda sarakuna da malamai suka shiga aikin har aka tabbatar a ranar 25 ga Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji. Mutumin da ke shakka ba gardama yake buƙata ba. A nemi wanda yake jin maganarsa, liman ko mai unguwa ko wani amininsa da ya kammala wa 'ya'yansa, su zauna da shi, sannan a roƙe shi ya raka yaron da kansa sau ɗaya, ya ga kwalbar, ya karanta ranar ƙarewar wa'adinta, ya ga an buɗe sabon sirinji a gabansa, ya yi wa ma'aikaci duk tambayar da ke ransa kafin a taɓa ɗansa.